Fararen Ɓerayen Shisha

Ina da shekara talatin ko kusa da haka lokacin da na fara aikatau a gidan wata likitar ido a Shisha, wata unguwa a Makka. Mu a Misfala muke zaune, can ƙarshen unguwa inda ɗakuna suke hawa jikin dutse, ni da maigidana da 'yarmu guda ɗaya. Daga ƙasar Kano muka taso muna sababbin aure, muka yi shekara biyu a hanyar Sudan, muka sauke farali, daga nan ba mu koma ba. Ba mu da iƙama, wato takardar izinin zama. Maigidana ga-ruwa yake yi, yana ɗebo ruwa daga bazan, wato famfon unguwa, garwa biyu a sanda, yana hawa da su benayen mutane. Ni kuma wanki da shara, duk inda aka samu.

'Yar tamu makauniya ce, kuma sai na fara faɗin yadda aka haife ta.

Bakwaini ce. Ta zo saura 'yan kwanaki a fita Mina, gari ya cika ya batse, zafi kuwa ko dutse ba ya taɓuwa. A lokacin ina shara a sashen mata na wani asibiti, ba a rubuce ba, wata babbar nas ce take ba ni aikin saboda tausayi. Naƙuda ta kama ni da tsintsiya a hannu. Da a gida ne, da naɗe ta za a yi cikin auduga a jira hukuncin Allah. Da yake a asibiti ne, sai aka sa ta a kwalba, akwatin gilashin nan da ake ajiye bakwaini. A gefen akwatin akwai wata doguwar tukunyar ƙarfe da ta kai kafaɗata, da siririn tiyo ya shiga ciki, a samanta kuma akwai ɗan kai irin na famfo. Tana huci a hankali, ba ta fasawa. Suka ce iskar numfashi ce, oksijin.

A rana ta biyu na ga leɓen yarinyar ya yi duhu. Nas ta zo ta murɗa kan tukunyar, hucin ya ƙaru, ina kallo jikinta ya dawo ja. Na riƙe wannan a raina. Da aka fara hajji sai aka kwashe ma'aikata zuwa wurin alhazan da rana ta buga, sashenmu ya zama nas ɗaya ga ɗakuna huɗu. Ni kuwa ina nan a kan tabarma kusa da akwatin. Duk lokacin da na ga numfashinta ya tsaya, ko na zaci ya tsaya, sai in miƙe in ƙara. In nas ta shigo ta rage, da ta juya baya sai in mayar. A ganina rowa suke yi, suna tsimin iskar don 'ya'yan masu gari, tunda mu takaru ne, baƙi daga ƙasashen baƙar fata. Kwana arba'in muka yi haka, ko ƙasa da haka kaɗan.

Ta rayu. Na yi alfahari da abin da na yi, ban ɓoye wa kowa ba. Duk matar da ta zo barka sai na ba ta labari, ina nuna yadda nake murɗawa da hannuna. Maigidana ma in ya yi baƙi sai ya ce, "Ba su labarin tukunyar nan." Sai in bayar, a yi ta sa albarka.

Tana wata huɗu muka lura ba ta bin fitila da ido. Daga baya wani fari ya bayyana a tsakiyar baƙin idon, duka biyun, kamar an tura 'yar auduga daga ciki. Muka ɗiga zamzam, muka sa tozali, muka sha rubutu muka shafa. Tsofaffin unguwa suka ce iska ce ta shafe ta, wai na ratsa wani kango da cikin da almuru. Muka karɓi ƙaddara. Ta tashi yarinya mai surutu, ta san kowa a lungunmu da takunsa, har ta fi ni sanin yawan matakalar da ke tsakanin ɗakinmu da titi.

Tana shekara huɗu wata maƙwabciyarmu ta haɗa ni da likitar. Bamisriya ce, doguwa, ba ta da yawan fara'a, mijinta ma likita ne na ƙirji. Daktora muke ce mata. Shisha a lokacin gidaje ne jefi-jefi a hanyar Mina, sai na shiga motar haya da sassafe. Da safe tana duba mata masu ciwon ido a ɗakin ƙasa, ni ina wanke kwanonin aikinta, in share, in yi guga. Ban gaya mata ina da makauniyar 'ya ba. Mai aikatau ba ta shiga gidan mutane da damuwarta a ka.

A saman benen akwai ɗaki guda da kullum yake kulle. Sai da na yi wata biyu sannan ta hau da ni. Wari ne ya fara tarbata. A kan katakai an jera kejuna, cikinsu ɓeraye ne farare tas masu jajayen idanu. Na ja da baya ina a'uziyya.

"Ya Hajja, ba sa cizo," in ji ta. "Waɗannan sun fi marasa lafiyata haƙuri."

"Daktora, ɓera ake kiwo a Makka?"

Ta ce a ƙasar da ta yi karatu, malamanta da 'ya'yan kyanwa suke irin wannan aikin. Ita kuwa ba za ta taɓa kyanwa a cikin harami ba. Ta tambayi malamai, suka ce ɓera yana cikin abubuwan da aka halatta kashewa ko a nan. Ta faɗi haka tana kallon keji, ba ta kalle ni ba.

Aikina shi ne canza garin katakon da suke kwanciya a kai, zuba ruwa da gutsuren gurasa, da jiƙa buhunan da aka rataya a taga don zafi yana kashe su. A kusurwar ɗakin kuma akwai akwatin gilashi, a gefensa doguwar tukunyar ƙarfe tana huci. Da na gan ta sai na ji kamar na haɗu da 'yar garinmu a kasuwa. A cikin akwatin akwai uwa ɗaya da jariranta, jajaye, tsirara, kowanne bai kai ɗan yatsana ba, idanunsu a rufe da fata. Na ɗauka magani ake musu. Daktora ta ce uwar ba ta jure iskar kwana da kwanaki, don haka kowace safiya zan fitar da ita in sa wata uwar mai shayarwa, gobe in sake musanyawa.

"Amma kan tukunyar nan kada hannunki ya kai," ta ce. "Ko da wasa."

Na ce to, ina murmushi a raina, don a ganina na fi ta sanin tukunyar.

Ta lura hannuna ba ya rawa, saboda na daɗe ina ɗinkin hula, sai ta fara sa ni riƙe mata abubuwa. A nan na ga abin da ake yi da jariran. Takan sa ɗaya a ɗan tulun gilashi da auduga mai maganin barci, in ya yi laushi ta buɗe ƙirjinsa ta tura baƙar tawada a zuciyarsa da allura mai sirantaka kamar gashi. Sannan ta cire idon, ƙwayar dawa ta fi shi girma. Da matsefata da ɗan almakashi take ɓare shi, ta ciro wani tantani daga can bayan idon, ta tsaga shi gida huɗu ta shimfiɗa a kan gilashi. Shabakiyya take kiransa, wato raga. Ta ce shi ne yake kama haske, sauran idon duk taga ce kawai. Ni ce nake riƙe fitila ina miƙa mata ruwan gishiri. Kowane ɗaya sai na yi bisimilla a ɓoye, ban san ko ya dace ba.

Wata rana bayan azahar, mun gama, ta ce, "Ke kullum kina riƙe fitila ba ki taɓa ganin abin ba. Zo."

Ta nuna mini yadda zan sa ido a madubin likita. Da farko gashin idona kawai nake gani. Can sai abin ya fito. Wani fili ne mai haske, a tsakiyarsa ɗan baƙin tauraro da gajerun rassa.

"Wannan kwanansa ɗaya," ta ce. "Jijiyoyin jini ne, tawada ta cika su."

Ta canza gilashi. Rassan sun yi tsawo sun kai rabi, bakinsu kamar 'yan yatsu masu lalube. Ta sake canzawa, na kwana takwas, sun kai har gefe, sun saƙu da juna kamar ganyen da tsutsa ta cinye ta bar jijiyoyinsa. Ban taɓa ganin saƙa mai kyan wannan ba. Na ce tabarakallah, ta yi murmushi, abin da ba ta cika yi ba.

"Yanzu ga na cikin akwati."

Tsakiyar fayau take. Manyan rassa ne kawai suka rage kamar itacen da aka sassabe, ƙananan duk babu. Ta sa wani, ta ce wannan an fitar da shi daga akwatin ya yi kwanaki a iskar ɗaki. A bakin filin da ya bushe jijiyoyi sun tsiro a cukurkuɗe, ƙulli-ƙulli, kamar zaren da ya harɗe.

"Me ya cinye su?" na tambaya.

"Iskar."

"Wace iska?"

Ta nuna tukunyar da haɓa. Ta ce jijiya tana tsirowa ne ta nufi wurin da yake yunwar iska. In aka cika wurin da iska fiye da kima, sai ta ga ba a bukatarta, ta tsaya, wadda ta riga ta fito ma ta bushe. Ranar da aka janye iskar, yunwa ta taso gaba ɗaya, sai su tsiro a haukace. Ta ce ɗan Adam a cikin uwarsa yake gama wannan saƙar, ɓera kuwa sai bayan an haife shi, shi ya sa ake iya kallonta a idonsa.

"Sai fa bakwaini," ta ce tana goge gilashi. "Shi yana fitowa bai gama ba. In aka yawaita masa iska a kwalba, ƙullin nan yakan ja ragar ya ɓalle ta. Sai ki ga fari a tsakiyar ido. An makantar da yara da yawa haka kafin a gane."

Na wanke kayan aikin na jera su. Na sauka na goge rigunan mijinta guda biyar. Da na tashi ban shiga mota ba, da ƙafa na taho, ban ma san na wuce Harami ba sai da na ga kaina a bakin lungunmu. Yarinyar tana zaune a matakala, ta ji takuna ta taso ta rungume ƙafata. Ta shafa fuskata kamar yadda ta saba, ta ce, "Umma, yau kina wari." Na ce aiki ne.

Na yi kusan wata guda ban faɗa wa kowa ba. In na kunna risho, hucinsa sai ya tsaya mini a kunne, in kashe in koma gawayi, maigidana yana mamakin yadda abinci ya fara makara. Ina zuba wa yarinyar ruwan wanka sai in kama kaina ina kallon farin nan, ina neman ƙullin a ciki. Abin da ya fi damuna shi ne musanyar safe. Duk uwar da na sa a akwatin, abin da take fara yi shi ne ta kwashi jariran ɗaya bayan ɗaya da baki, ta tara su a kusurwa ta kwanta a kansu. Akwai wata mai yagaggen kunne da kullum kusurwar da tiyon yake shigowa take zaɓa. In na mayar da su can nesa, kafin in rufe murfi ta dawo da su.

Wata safiya Daktora tana ƙasa da marasa lafiya, na sa mai yagaggen kunnen, na tsaya ina kallonta tana jan na ƙarshe zuwa bakin tiyo. Na miƙa hannu na murɗe kan tukunyar har ya ƙare. Ɗakin ya yi tsit. Na zauna a ƙasa kusa da akwatin, ban san tsawon lokacin da na yi ba.

A haka ta same ni. Ta dubi tukunyar, ta dube ni. Aikin mako uku ne na lalata mata, iskar kuma da ƙyar mijinta yake samo ta.

"Me na ce miki ranar farko?"

Na miƙe tsaye, ta matso kusa da ni.

"Ina tambayarki, ya Hajja. Wa ya sa ki?"

Na ce, "Daktora, ina da 'ya."

Larabcina na kasuwa ne, amma ranar ya ishe ni. Na gaya mata komai, har da yadda nake jiran nas ta juya baya. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta jawo kujera ta zauna, ta tambayi wata nawa cikin, kwana nawa a kwalba, yaushe farin ya fito. Sannan ta ce in kawo ta ranar Alhamis, bayan mutane sun watse.

Na yi wa yarinyar kitso, na sa mata rigar salla. Ba ta taɓa shiga mota ba, duk hanya tana tambayata me ya sa ƙasa take gudu. Daktora ta ba ta alewa, ta ɗiga mata magani, muka jira, sannan ta rufe tagogi ta duba da 'yar fitilarta, ido ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe. Yarinyar ta zauna shiru tana tsotsar alewa. Da aka gama ta sa mai dafa musu abinci ta fita da ita tsakar gida.

"Shi ne," ta ce. "Ragar ta ɓalle tun tuni, ta dunƙule a bayan ƙwayar. Babu abin da zan iya yi, babu kuma wanda zai iya, ko a ina."

Na ce na sani. Ba wannan na zo tambaya ba.

Ta gane. Ta ce, "Ba zan yi miki ƙarya ba. Iskar da kika ƙara tana iya zama ita ce. Tana iya yiwuwa kuma wadda su suka sa tun farko ta isa ta yi wannan. Akwai ma waɗanda suke makancewa da iska kaɗan. Kuma yarinyar da aka haifa a wata bakwai, da kin bar ta yadda nas ɗaya take zagaya ɗaki huɗu, mai yiwuwa da ba ki fita da ita da rai ba. Ban san wanne ne ba. Ba wanda zai iya sani."

"Amma da ban taɓa ba, tana iya gani."

"Tana iya gani. Tana iya mutuwa."

Ta tashi ta buɗe taga. Tana tsaye a can ta ce lokacin da ta fara aiki a ƙasarsu, a ɗakin jarirai aka sa ta, kuma abin da aka koya musu shi ne a buɗe iskar sosai. Ta buɗe. Bayan shekaru aka fara kawo mata wasu daga cikinsu a matsayinta na likitar ido, iyayen suna gaishe ta suna godiya, don sun tuna ita ta raya musu 'ya'ya. Ban tambaye ta su nawa ba ne, ita ma ba ta faɗa ba.

Na zaci za ta sallame ni, amma washegari ta miƙo mini makullin sama kamar kullum. Na ci gaba da musanya iyaye. Ban sake taɓa kan tukunyar ba.

Bayan wasu watanni, ina riƙe mata fitila, ta sa gilashin wani ɓera da ya yi akwati yana jariri amma aka bar shi ya girma har ya yi wata guda. A lokacin ta saba barina in leƙa. Na leƙa, na ga saƙa ta cika fili, ƙullin ya warware, sai ɗan karkace nan da can. Na ce ta yi kuskure, wannan ba na akwati ba ne. Ta duba alamar da ta yi a gefen gilashin ta ce nasa ne.

"Ya warke?"

"Ɓera yana warkewa."

Na ɗago kai daga madubin. Na ce to ashe abin yana gyaruwa, ashe in aka jira. Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni tun ban ƙarasa ba. Ta ce na ɓera ba ya ɓallewa, yana harɗewa ne ya warware da kansa. Na mutum wani lokaci yakan warware tun da wuri, amma in ya riga ya ɓalle shi ke nan. Dalilin da ya sa na ɓera yake komawa daidai, shi take nema shekara da shekaru a wannan ɗaki, ba ta samu ba. Duk da haka na yi kwanaki ina haska fitila a fuskar yarinyar in mun kaɗaita, ina tambayarta ko ta ji wani abu. Ta ce tana jin ɗumi.

Maigidana kuwa, na gaya masa wata Juma'a bayan an sauko, muna zaune a ɗaki saboda rana, yarinyar tana kwance a bayana tana barci. Na faɗa masa ɓerayen, da idanun da ake cirewa, da saƙar, da abin da iska take yi. Ya saurara yana matsa kafaɗarsa inda sanda ta yi masa kanta.

"Kin sani lokacin?" ya ce.

"Ban sani ba."

"To."

Na zaci ya gama. Sannan ya ce, "Duk masu ɗiban ruwa a bazan na gaya musu matata ce ta raya 'yata." Ya tashi ya ɗauki garwarsa ya fita, alhali ba ya aiki ranar Juma'a. Bai taɓa zargina ba, da baki ko da fuska, har ya koma ga Allah. Amma bai sake cewa in ba baƙi labarin tukunya ba, kuma in wata tsohuwa ta tayar da zancen sai ya fita alwala.

Na yi shekara uku a gidan. Daga baya al'amura suka ɓaci tsakanin ƙasarsu da nan, mutanensu da yawa suka tattara, su ma suka shirya komawa. Gilasanta ta jera a akwatunan katako ta naɗe da tawul. Ɓerayen ba su da mai karɓa, ba kuma za a sake su a cikin gari ba. Ta ce za ta kashe su da kanta, na ce ta bari, ta je ta haɗa kayanta. Na yi musu ɗaya bayan ɗaya da tulun auduga, manya da ƙanana, daga hantsi zuwa la'asar, na haƙa rami a bayan gida na rufe su. Da za ta shiga mota ta riƙe hannuna ta ce in gaishe da yarinyar. Ban sake jin labarinta ba, ban kuma san ko ta samu abin da take nema ba.

'Yata ta haddace Alƙur'ani a wurin wata malama a Misfala, ta zama ita ma tana koyar da yara. Ta auri wani mai ɗinki, haifaffen nan, ɗan Hausawa. Da cikinta na fari ya shiga wata na bakwai sai na kasa zaune na kasa tsaye, na ga in wani abu ya faru gara ta ji daga bakina. Na same ta tana tsince shinkafa da yatsu, na zauna na fara. Ban yi nisa ba ta ce, "Umma, na sani."

"Wa ya gaya miki?"

"Ke. Ranar da kika gaya wa Baba. Kun zaci barci nake."

Shekararta biyar a lokacin. Na ce me yarinya 'yar shekara biyar za ta gane a wannan magana. Ta ce ai ba ta gane ba. Abin da ta ɗauka shi ne ɓeraye ne suka cinye mata ido tana jaririya, ni kuma ina zuwa gidansu kullum ina ba su abinci don kada su dawo su cinye sauran. Ta ce shi ya sa ta yi shekaru tana kwanciya da tafukanta a kan fuska, kuma ranar da na ce na bar aikin Shisha ta yi ta kuka ba wanda ya san dalili. Sai da ta girma ta riƙa juya maganganun da ta ji, ta harhaɗa su da kanta.

Tana faɗa tana dariya, hannunta bai bar shinkafar ba. Ni na tuna kwanciyar nan sarai. Na sha cire mata hannuwan in ta yi barci don kada ta yi zufa, in na waiwaya ta mayar.

Na ce, "Me ya hana ki tambaye ni?"

Ta ce, "Kina dawowa a gajiye."

Cikin ya kai wata tara, ta haifi namiji a gida.